Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Yaɗa Labarai Na Jihar Kano: A Buɗe Wa Talaka Layi

Mai girma Kwamishina, Kwamared Ibrahim Abdullahi Waiya,



Ranka ya daɗe, maganar rediyo ce ta sa na ɗauki alƙalami. A watan Mayun 2025 ma'aikatarka ta fitar da sanarwa, bayan zama da shugabannin kafafen yaɗa labarai na Kano, cewa an dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye, duk baƙon da za a yi hira da shi sai ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai yi zagi ko ɓatanci ba, masu gabatarwa kuma su guji tambayar da za ta tunzura baƙo. Aka yi ta ce-ce-ku-ce. Lauyoyi sun faɗi nasu, ƙungiyoyin 'yan jarida sun faɗi nasu, 'yan siyasa na kowane ɓangare ma haka. Wanda aka manta da shi a duk wannan muhawara shi ne mutumin da ya sa katin ɗari biyu a wayarsa, ya zauna gefen rediyo yana ta danna lamba, ko Allah zai sa ya samu minti ɗaya ya shaida wa hukuma cewa taransifomar unguwarsu ta ƙone tun kafin azumi. A madadinsa nake rubuta maka.

Na san abin da ya dame ka, kuma damuwa ce ta gaskiya. Duk wanda ke kunna rediyo a Kano bayan sallar isha'i ya san irin abin da sojojin baka, wato yaran 'yan siyasa masu magana da yawunsu a rediyo, ke zubawa a kunnen jama'a. A kama sunan mutum, a shiga cikin gidansa, a taɓa iyayensa, a yi masa ƙazafin da ba za a iya kare shi gaban alƙali ba, yara na zaune a tsakar gida suna ji suna haddacewa. Garin nan kuma ya san abin da zafin siyasa ke jawowa. A ranar 10 ga Yulin 1981, lokacin da rikicin takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero ya ɓarke, gidan Rediyon Kano da kamfanin jaridar Triumph na cikin wuraren da aka afka wa, a ranar ce kuma aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe mata tara masu aikin rigakafin shan inna, kwanaki kaɗan bayan wani shiri a wata tasha mai zaman kanta ya caccaki rigakafin. Aka kama 'yan jarida, aka dakatar da lasisin tashar. Ba na ɗora jinin bayin Allahn nan a kan shirin rediyo. Amma tun daga lokacin duk mai hankali ya san makirufo a Kano ba abin wasa ba ne.

To, sai dai matakin da aka ɗauka, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Sojan baka ba mai kiran waya ba ne. Ba ya layi, ba ya jiran sabis, ba ya ƙona katinsa. Da ƙafarsa yake zuwa tasha, a naɗi muryarsa da rana, a sako ta da dare, kuma kowa ya san akwai uban gidan da ke ɗaukar ɗawainiyarsa. Yawancin cin mutuncin da ke ɓata mana rai a naɗe yake zuwa, ya bi ta hannun wanda ya saurare shi, yana da almakashin da zai yanke, bai yanke ba saboda kuɗin fili ya riga ya shiga. Idan aka hana kai-tsaye, wannan hanya tana nan a buɗe. Abin da aka toshe shi ne ɗan lokacin da wani mai muƙami zai zauna a sutudiyo, waya ta yi ƙara, ya ji muryar da bai shirya mata ba.

Sannan ina iyakar siyasa? Idan wata baiwar Allah ta bugo daga Rimin Kebe ko Ɗorayi ta ce asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu ba ko farasitamol, ta ƙara da cewa "kuma mun sha rana mun zaɓe ku", shirin lafiya ne ko na siyasa? Idan manomi daga Bunkure ya tambayi inda takin da aka ce an raba ya maƙale, noma yake magana ko adawa? Manajan tasha ba zai tsaya tantance wannan ba. Yana da albashin ma'aikata a kansa, yana da man janareta, ya kuma san tallan gwamnati na cikin abin da ke riƙe da tashar. Abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya ce wa mai gabatarwa, yau kada a buɗe layi, a karanta saƙonnin da aka zaɓa kawai. Ba sai an aiko masa da ɗan sanda ba.

Batun doka kuwa ka fi ni saninsa. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa da karɓar na wasu, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai aikin sa ido a kan gwamnati a madadin jama'a. Ba da lasisi da ladabtar da tasha aikin hukumar NBC ne, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta 1992. Gwamnoni sun sha gwada tsallake wannan layi. Gwamnatin Zamfara ta rufe wasu tashoshi a watan Oktoban 2022 saboda sun ɗauko taron 'yan adawa, gwamnan Neja ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a 2025, kuma a duka biyun abin bai ƙara wa gwamnatocin daraja ba. Ba na so a lissafa Kano a wannan sahu.

Amma kundin nan da ya bar harkar rediyo da talabijin a hannun Tarayya ya ware abu ɗaya: tashar da gwamnatin jiha ta kafa da kanta. Nan ne maganata take. Ikonka na gaskiya ba ya kan tashoshi masu zaman kansu irin su Freedom ko Rahama ko Arewa ko Express. Yana Gidan Bello Dandago, wato Rediyon Kano, yana ARTV, gidan talabijin na jiha. Can ne ba mai ja da kai, can ne kuma aikin yake jiranka.

Ka tuna yadda muka zo nan. Shekara da shekaru rediyo a ƙasar Hausa magana yake mana, mu kuma mu yi shiru. Marigayi Bello Dandago, wanda aka sa wa gidan Rediyon Kano sunansa, tun lokacin yaƙin duniya na biyu yake karanta labarai da Hausa daga Ankara ta ƙasar Gana, shi da marigayi Isa Kaita. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya fara a 1962. A duk tsawon wannan zamani, hanyar da mai sauraro ke da ita ta shiga cikin akwatin ita ce katin Zaɓi Sonka da wasiƙa ta gidan waya: ka gaida 'yan uwa, ka zaɓi waƙa, ka jira mako biyu ka ji sunanka. Abu biyu ne suka sauya wannan. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, Freedom Radio ta buɗe a Kano a ƙarshen 2003. Daga nan mai faci da mai shayi da matar aure a cikin ɗakinta suka gane cewa muryarsu ma tana iya fita ta wannan akwati, kuma gwamna yana iya ji. Shirye-shirye irin su Inda Ranka sun yi suna ne don sun ɗauki kukan unguwa da muhimmanci. BBC ma da Ra'ayi Riga ta riƙe masu sauraronta na ranar Juma'a.

Rediyon gwamnati fa? Ya tsaya inda yake, kuma ba laifin ma'aikatansa ba ne, domin da yawa daga cikin ƙwararrun da suka raya tashoshi masu zaman kansu a can suka koyi aikin. Al'ada ce ta kafu, ba a Kano kaɗai ba: duk wanda ya hau mulki, gidan rediyon jiha ya zama nasa, wanda ya faɗi zaɓe kuma ya nemi wata ƙofar. Ranar da mulki ya juya, su ma su juya. Wannan al'ada ce ta taimaka wajen buɗe kasuwar sojojin baka, domin wanda aka hana shi magana a gidan kowa zai je ya sayi fili a wani gidan, kuma wanda ya sayi fili da kuɗinsa ba don ya yi adalci ya saya ba. Alhali albashin ma'aikatan Rediyon Kano da man injinsa daga baitulmalin jiha suke fita, kuɗin wanda ya zaɓi gwamnati da wanda bai zaɓe ta ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ma, a sashe na 95, ta hana a yi amfani da kafar gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta kuma ce a raba fili daidai lokacin yaƙin neman zaɓe. Ni ina ganin abin da ya zama wajibi a watannin kamfe bai kamata ya zama haramun a sauran shekarun ba.

Ranka ya daɗe, ka saurari shirin kiran waya guda ɗaya daga farko har ƙarshe, ba da kunnen kwamishina ba. "Salamu alaikum, da wa muke magana, daga ina? Don Allah a rage sautin rediyo." Sai murya ta fito, wani lokaci tana rawa, domin mai ita bai taɓa magana da hukuma ba a rayuwarsa. Me yake cewa? Famfo ya shekara bai kawo ruwa ba, kuɗin 'yan garuwa ya fi ƙarfinsa. Kwalbati ta karye, damina ta kawo kai. Bola ta cinye rabin titi. Ajin 'ya'yansa ba rufi. 'Yan daba sun hana fita sallar asuba, an ƙwace wayar ƙaninsa a a-daidaita-sahu. Ɗan fansho ya gaji da zuwa tantancewa. Da wuya ka ji mai irin wannan kira ya zagi uban wani. Ba shi da lokacin zagi, katinsa na tafiya.

Kuma ka tambayi kanka wace ƙofa ce ta rage masa in ba wannan ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, amma tana buƙatar wanda ya iya rubuta takarda, ya san ofishin da zai kai, ya kuma iya bibiya. Mai unguwa zai kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, amma ba a hannunsu kasafin kuɗi yake ba. Kansila sau da yawa shi ma kuka yake. Facebook da TikTok na masu babbar waya ne da kuɗin data, kuma abin da ake yi a can ya fi na rediyo muni nesa ba kusa ba, ba mai gabatarwa, ba mai cewa "malam, a janye wannan kalma". Idan aka rufe wa mutane layin rediyo, can za a tura su. Rediyo ne kaɗai wurin da tsohon da bai yi boko ba da babban sakatare za su yi magana da harshe ɗaya, a gaban shaidu miliyoyi.

Shirye-shiryen kiran waya da muke da su yanzu suna da nasu ciwon, kuma in za a gyara sai an faɗe shi. Akwai 'yan kullum, waɗanda kowace tasha ka murɗa su ne, su cinye rabin lokaci da gaishe-gaishe. Akwai waɗanda aka saya wa kati aka ba su abin faɗa, kana jin kiran farko ka san na biyu da na uku. Muryoyin mata kaɗan ne, na ƙauye sun fi kaɗan; za ka yi sa'a guda kana jin Fagge da Gwale da Tarauni, ba ka ji Doguwa ko Tudun Wada ko Kunci ba. Mafi ciwo duka shi ne rashin bibiya. Mutum ya faɗi kukansa, baƙo ya ce "in sha Allahu za mu duba", a sa talla, shi ke nan. Mako mai zuwa wani batu ne daban. Wanda ya kira sau uku bai ga komai ba zai daina kira, kuma abin da zai maye gurbin kiran a zuciyarsa ba alheri ba ne ga kowace gwamnati.

Tasha mai zaman kanta ba za ta iya tilasta wa shugaban hukuma ya zo ya zauna ba, ba za ta iya sa shi ya dawo da amsa ba. Kai za ka iya. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 44, shekara kuma mako 52 ce. A ware sa'a biyu a mako a Rediyon Kano, a zangon AM da FM tare don ya kai ƙauye, kowane ciyaman ya zo da makonsa, ya faɗi abin da ya shigo masa da abin da ya yi da shi, sannan a buɗe layi ga mutanen ƙaramar hukumarsa kaɗai. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake ta maganar wa zai riƙe kuɗin. Ba a cika maganar wa zai tambayi mai riƙon ba. A wata ranar kuma a kawo shugabannin hukumar ruwa, da ta kwashe shara, da ta asibitoci, da ta ilimin firamare, da KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa. Layin ya zama kyauta, gwamnati ta biya, domin bai dace talaka ya sayi damar kai ƙara da kuɗin cefanensa ba. A ware lamba ɗaya ta mata zalla. Wanda sabis bai kai garinsu sosai ba ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp tun kafin ranar.

Sai abin da na fi ba muhimmanci: littafi. Duk ƙorafin da aka karɓa a rubuta shi, da sunan unguwa, da alkawarin da aka yi, da ranar da aka ɗiba. Bayan wata guda, kafin a gabatar da sabon baƙo, a buɗe littafin a karanta: kwalbatin wuri kaza an gyara, mun aika wakili ya gani, rijiyar burtsatsen wuri kaza har yanzu shiru. Wannan karatu na minti goma zai yi aikin da takardun gargaɗi ɗari ba su yi ba, domin ma'aikacin gwamnati a Kano yana iya jure tuhumar ofis, amma ba ya son a kira sunan ofishinsa a rediyo surukansa na ji. Gwamna ma zai amfana. Rahoton da ke isa teburinsa ya bi ta hannaye da yawa, kowane hannu ya goge abin da zai ɓata masa rai. Kiran waya bai bi ta hannun kowa ba.

Tsoron kada wani ya yi ɓaranɓarama a kai-tsaye kuwa, maganinsa na'ura ce, ba doka ba. Akwai na'urar da ke jinkirta sauti da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya fita, mai kula da sauti ya danna maɓalli ya haɗiye ashar ɗin kafin ta kai kunnen kowa. Tashoshin duniya sun daɗe suna aiki da ita. A saya wa Rediyon Kano, a taimaka wa sauran su mallaka, a horar da wanda zai riƙa amsa kira kafin a sada shi da sutudiyo.

Maganar hana tambaya mai tunzurawa ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wace tambaya ce ba ta tunzura wanda ba shi da amsa? "An ware kuɗin aikin nan a kasafin bara, ina aikin?" Wannan tambaya ce mai ladabi, ba zagi a cikinta, amma tana iya sa mai muƙami ya fusata ya tashi. Idan mai gabatarwa ya san fushin baƙo zai iya jawo masa takardar tuhuma ko canjin wurin aiki, ba zai yi ta ba, zai koma "ranka ya daɗe, ko akwai wani kira da za ka yi ga al'umma?" Jama'a kuma suna ganewa, su murɗa tasha. Ma'aikacin Rediyon Kano yana buƙatar ya ji daga bakinka, a fili, cewa ba wanda zai taɓa shi don ya yi wa kwamishina tambaya mai wuya. Ɗan adawa ma a ba shi kujera a gidan, ya zauna gefen na gwamnati, mai gabatarwa ɗaya, ƙa'ida ɗaya. Mutum biyu da ke kallon idon juna ba sa faɗin abin da suke faɗa idan kowa yana ɗakinsa shi kaɗai da makirufo.

Su kuma sojojin baka, akwai hanyoyin da ba su taɓa haƙƙin kowa ba. Wanda aka yi wa ƙazafi yana da kotu. Tashar da ta sako ƙazafin ta ba shi fili daidai da wanda aka ɓata shi a ciki, kyauta. Ku zauna da masu tashoshi da NBC a amince cewa duk muryar siyasa da aka biya kuɗi aka sako, a faɗi sunan wanda ya biya, kafin ta da bayanta. Yawancin iyayen gidan nan mutane ne masu son a gan su da mutunci. Ranar da aka fara haɗa sunansu da abin da yaransu ke faɗa, da kansu za su ja musu linzami. Kuma gaskiya ita ce kowane ɓangare yana da nasa, har da ɓangaren da ke mulki. Idan gwamnati ta fara tsawatar wa masu zagi da sunan kare ta, ta yanke musu abin da suke samu, sauran ba su da bakin cewa danniya ce.

Kafin ka hau wannan kujera, kai ne shugaban gamayyar ƙungiyoyin farar hula na Kano. Jama'a sun san muryarka ne a kafafen nan, kana tambayar gwamnatoci abin da ba sa son ji, kuma ba wanda ya ce ka fara sa hannu a takarda. Shi ya sa na rubuta maka kai, ban rubuta wa wani ba. Roƙona shi ne ka fito fili ka janye waccan matsaya ta watan Mayu, domin muddin ba a janye ta da baki ba, tana nan rataye a kan kowane manajan tasha. Sannan ka sa ranar da za a fara wannan shiri a Rediyon Kano, a sanar da lambar tun mako guda kafin nan, kuma baƙon farko da zai zauna ya amsa kiran jama'a ya zama kai.

Allah ya taimake ka, ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalam,
Wani mai sauraron rediyo, daga birnin Kano.